Gurbin Farko da Mizanin Adalci

Daga cikin abubuwan da zamani ya shigo da su cikin ganuwar Kano ba tare da ya nemi izinin kowa ba, har da gardamar tseren motocin nan na Turai da ake kira Formula 1, wadda a yau za ka iya jin ta a bakin wasu samari a majalisun Yakasai ko Mandawari bayan sallar la'asar, alhali kuwa a 'yan shekarun baya ba su da wata muhawara sai ta ƙwallon ƙafa. Suna kallon tseren a wayoyinsu ko a akwatin talabijin mai tauraron ɗan Adam, sun haddace sunayen direbobi da na kamfanoni, kuma duk lokacin da musu ya yi zafi a kan wane ne ya fi kowa gudu a tarihin wannan wasa, sai ka ji wani ya ɗaga murya ya ce Lewis Hamilton ya hau gurbin farko sau 104, daga nan sai a yi tsit kamar an yanke hukunci. Adadin nan sahihi ne, babu mai ja da shi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne hukuncin da ake ginawa a kansa, domin ina ganin an zalunci waɗansu bayin Allah da suka riga mu, kuma an koya wa yaranmu wata irin hanyar auna mutane wadda malamanmu na dā ba za su amince da ita ba.

Bari in fara da bayyana mas'alar ga wanda bai saba da ita ba. Motocin wannan tsere kujerarsu ɗaya ce, ƙafafunsu huɗu a waje suke babu abin da ya rufe su, kuma wajen guda ashirin ne ke tashi a lokaci ɗaya ranar Lahadi. Tun da yake hanya ba za ta ɗauke su duka a sahu ɗaya ba, tilas a jera su bibbiyu, wani gaba wani baya, kuma domin kada jerin ya zama na son rai, sai aka ajiye ranar Asabar don gwaji, inda kowane direba zai zagaya filin iyakar ƙarfinsa agogo yana ƙirga masa. Tun daga shekarar 2006 gwajin ya kasu mataki uku, ana zubar da na baya-baya a mataki na ɗaya da na biyu, har a bar mutum goma su fafata a na ƙarshe, wanda duk ya yi zagaye mafi sauri a cikinsu shi ne zai tsaya a gurbin farko gobe. Wanda ya fara samun wannan matsayi a gasar duniya shi ne Giuseppe Farina, mutumin Italiya, a tseren da aka yi a filin Silverstone na Ingila ranar 13 ga Mayu, 1950, cikin motar Alfa Romeo. Agogon da ake awo da shi a zamanin nan yana raba sakan ɗaya gida dubu, amma duk da wannan tsanani, a filin Jerez na ƙasar Sifen a 1997, mutum uku, Jacques Villeneuve da Michael Schumacher da Heinz-Harald Frentzen, sun yi zagaye a lokaci guda cif, minti 1 da sakan 21.072, sai da aka koma ga ƙa'idar wanda ya riga yin nasa, aka ba Villeneuve.

Amfanin gurbin a fili yake. Na gaba yana samun hanya a buɗe da iska mai tsabta, ya kuma tsira daga turereniyar kwanar farko inda yawancin haɗurra ke aukuwa, na bayansa kuwa yana tafe cikin gurɓatacciyar iskar da motar gaba ta bari, wadda ke rage wa motarsa kama ƙasa. A birnin Monako, inda ake tseren a kan titunan gari tsakanin shingayen ƙarfe, lamarin ya fi ƙarfi, domin hanyar kamar lungunan nan ne da ke kewaye da kasuwar Kurmi, inda in mai kura ya riga ka shiga, to, ko kana kan babur sai ka bi bayansa a hankali har ku ɓulla.

Silsilar waɗanda suka riƙe tutar yawan gurbin farko gajeriya ce. Juan Manuel Fangio na Ajantina ya bar wasan a 1958 yana da 29. Jim Clark, manomi ɗan ƙasar Sikotilan, ya kai 33. Adadin Clark ya zauna shekara ashirin da ɗoriya ba wanda ya taɓa shi, sai a 1989 Ayrton Senna na Birazil ya wuce shi, ya yi ta tarawa har ya kai 65, kuma daga wannan gurbi na 65 ɗin ya tashi a filin Imola ranar 1 ga Mayu, 1994, a tseren da ajalinsa ya same shi. Bayan shekara goma sha biyu, a wannan fili dai na Imola, Schumacher Bajamushe ya sami na 66, ya kuma tsaya a 68. Hamilton ya cim ma Senna a Kanada a 2017, inda iyalan mamacin suka karrama shi da hular kwanon Senna, ya wuce Schumacher a Monza cikin wannan shekarar, ya cika ɗari a Barcelona a 2021, ya sami na 104 a ƙasar Hangari a 2023. In ka jera adadin nan daga sama zuwa ƙasa, sai ka ga Fangio can ƙasan jeri, har ƙasa da mutanen da babu wani masanin wasan da zai yarda ya ambace su tare da shi a numfashi ɗaya.

Illar farko da ke cikin jerin ita ce ba ya faɗa maka sau nawa aka ba kowa dama. A shekarar 1950 tsere bakwai kacal aka lissafta a gasar duniya, a zamanin Senna goma sha shida ake yi a shekara, a 2024 kuwa har 24 aka yi. Fangio ya tashi a tsere 51 ne duk rayuwarsa, ke nan fiye da rabin lokutan da ya shiga fili shi ne a gaba. Clark ya sami nasa 33 a cikin tsere 72, wato kusan kashi 46 cikin ɗari, Senna ya sami 65 a cikin 161, wajen kashi 40, Schumacher kuwa 68 ɗinsa sun bazu ne a kan tsere fiye da 300, Hamilton kuma zuwa ƙarshen 2024 ya riga ya haura tsere 350, don haka rabonsa bai cika kashi 30 ba. Da ka sauya ma'auni, sai jerin ya kife, na ƙasa ya koma sama. A kan wannan kuma sai a ƙara wani abu mai nauyi wanda lissafi ba ya ɗauka, shi ne cewa mutanen farko suna tuƙi ne mutuwa tana zaune kusa da su, babu ɗamarar kujera a motocin zamanin Fangio, kuma sau da yawa abin da ke tsakanin direba da bishiyoyin gefen hanya bai wuce damin ciyawa ba. Alberto Ascari, wanda ya ci gasar duniya sau biyu, ya mutu a Monza a 1955, Clark ya mutu a Hockenheim ranar 7 ga Afrilu, 1968, yana da shekara 32, Senna yana da 34. Tsawon ran da direban yau yake samu a cikin sana'arsa ni'ima ce wadda aka saya da jinin waɗancan, kuma ba na jin daɗi in ga an mai da ita hujjar fifita shi a kansu.

Mu da muka tashi a gaban malaman zaure bai kamata wannan ya zame mana baƙon tunani ba, domin babin tsere tsohon babi ne a fiƙihunmu. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa, Buhari ma ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar, cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya shirya tseren dawaki a Madina, amma bai haɗa su duka a fage ɗaya ba. Dawakin da aka yi wa horo na musamman, wato waɗanda ake ciyar da su har su yi ƙiba sa'an nan a rage musu abinci a lulluɓe su da mayafi su yi gumi har tsokarsu ta ɗaure, an sake su daga Hafya'u zuwa Saniyyatul Wada'i, tafiyar mil biyar ko shida, waɗanda ba a yi wa wannan horo ba kuwa an sake su daga Saniyya zuwa masallacin Banu Zuraiƙ, wajen mil ɗaya. Malaman mazhabarmu, kamar yadda ɗalibin Muhtasar ya sani, sun sharɗanta a ayyana mafarin tsere da iyakarsa da abin hawan da za a yi shi a kai. Hikimar da nake gani a nan ita ce ba a kiran abu tsere sai an daidaita sharuɗɗansa. Haka kuma malaman hadisi, da suka zo rubuta tarihin maruwaita, ba su zuba su a kwando ɗaya suna ƙirga wa ya fi yawan ruwaya ba, sai suka tsara su ɗabaƙa-ɗabaƙa kamar yadda Ibn Sa'ad ya yi, kowane mutum a auna shi da tsararrakinsa, a dubi wa ya riska, wa ya yi zamani da shi. Jerin da ya ɗora Hamilton da Fangio a mizani ɗaya ya rushe ɗabaƙa, ya kuma haɗa dokin mil shida da na mil ɗaya.

Illa ta biyu ta fi ta farko wuyar magani, ita ce rabon mota a cikin abin da ake jingina wa mutum. Nigel Mansell yana da gurbin farko 32, amma 14 daga cikinsu a shekara ɗaya ya same su, 1992, lokacin da kamfanin Williams ya ƙera motar da kwamfuta ke daidaita mata tsayuwa a kan hanya. Shekarar da ta biyo baya, Alain Prost ya gaji kujerar, shi ma ya kwashi 13 daga cikin 33 ɗinsa. Sebastian Vettel ya sami 15 a 2011 da motar Red Bull. Da aka sauya dokar injuna a 2014, motocin Mercedes sun ɗauki gurbin farko a tsere 18 cikin 19, a 2016 kuma 20 cikin 21, kuma mafi yawan adadin Hamilton a wannan zamani na rinjayen Mercedes ya tara shi. Ba ina nufin mota ce ke tuƙa kanta ba, sai dai duk wanda ya karanta jerin nan ya sani yana karanta tarihin maƙera da injiniyoyi ne tare da na direbobi, ko da yake ba a rubuta sunayen maƙeran ba.

To, in haka ne, da me za a auna? Abin da na fi natsuwa da shi shi ne a dubi mutum da abokin aikinsa na kamfani ɗaya, tun da kowane kamfani mota biyu yake fitarwa iri ɗaya. A nan ne sha'anin Senna yake ba da mamaki. A 1988 da 1989 yana McLaren tare da Prost, wanda a lokacin ya riga ya ci gasar duniya sau biyu kuma ana ganin babu kamarsa, amma a cikin waɗannan shekaru biyu Senna ya hau gurbin farko sau 26, Prost sau 4. A gwajin Monako na 1988 ya ba Prost ratar sakan 1.427, a wasan da ake rabuwa da kashi ɗaya cikin goma na sakan, mota iri ɗaya, taya iri ɗaya, rana ɗaya. Tun kafin nan ma, yana kamfanin Lotus da motar da ba ita ce ta fi kowace ba, ya sami 7 a 1985 da 8 a 1986. Kuma domin kada a ce na rufe ido ga haƙƙin Hamilton, wannan ma'auni shi ma ya yi masa shaida mai kyau: a shekararsa ta farko, 2007, yana sabon shiga, ya sami 6 alhali Fernando Alonso, zakaran duniya na lokacin da ke kamfani ɗaya da shi, ya sami 2. Sai dai a 2014 abokin aikinsa Nico Rosberg ya fi shi, 11 da 7, abin da ba a ga irinsa ba tsakanin Senna da Prost.

Akwai kuma wani ruɗani da nake so samarinmu su fita daga cikinsa, na ɗaukar gurbin farko a matsayin nasara. Ranar Asabar ba a ba da maki ko ɗaya saboda shi. Senna mai 65 ya ci tsere 41, Prost mai 33 ya ci 51 da gasar duniya huɗu, domin shi yakan yi amfani da lokacin gwaji ne wajen shirya motar da za ta jure tafiyar kilomita 300 ta Lahadi, yana lallaɓa taya da mai da birki. Niki Lauda ya ci gasar duniya ta 1984 ba tare da ya tsaya a gurbin farko ko sau ɗaya ba a shekarar, ya kuma rinjayi Prost da rabin maki. Wancan tseren na Monako ma da na ambata, Senna ya ba kowa rata mai nisa, saura zagaye kaɗan a gama hankalinsa ya ɗan kauce, ya daki shinge a kwanar Portier, Prost ya wuce ya ci. Gaggawa baiwa ce, haƙuri da tadabburi kuma wata baiwa ce daban, jerin gurbin farko ta farkon kaɗai yake aunawa. Ban kuma manta ba cewa son wannan gurbi ya taɓa kai Senna ga abin da ba shi da kyau: a Suzuka ta Japan a 1990, da ya ga an ajiye gurbin a ɓangaren hanya mai ƙura kuma an ƙi karɓar kokensa, sai ya afka wa motar Prost a kwanar farko, daga baya kuma ya yarda da gangan ya yi. Wannan aibi ne babba, jefa rayuka ne cikin halaka, kuma gwanintarsa ba ta wanke shi ba.

Ko ma'anar gurbin kanta ba ta zauna wuri ɗaya ba. Daga 2003 zuwa 2009 ana yanke shi ne da man da mota za ta tashi da shi ranar tsere, saboda haka mai ɗaukar mai kaɗan yakan riga wanda ya fi shi gudu. A Monako a 2012 Schumacher, yana da shekara 43, ya fi kowa sauri, amma saboda horon da ke kansa aka mai da shi baya gurbi biyar, aka rubuta sunan Mark Webber a littafi. Amurkawa kuma suna da nasu littafin daban, inda Mario Andretti yake da 67 ban da 18 da ya samu a Formula 1, kuma a babban tserensu na Indianapolis zagaye huɗu ake haɗawa a auna, inda Rick Mears ya yi fice da sau 6.

Duk da wannan suka da na yi, akwai abin da nake ƙyashin mutanen nan a kansa, shi ne sun rubuta. Saboda sun rubuta ne ya sa ni da ke zaune a cikin birni zan iya sanin abin da agogo ya nuna a wani gari na Turai shekaru da dama da suka wuce, har in yi musu gyara da alƙalumansu. Mu kuwa ƙasar doki ce. Rabon nahiyarmu da tseren Formula 1 tun wanda aka yi a Kyalami ta Afirka ta Kudu a 1993, amma sukuwa tamu ce tun kaka da kakanni, ga Filin Sukuwa can Nassarawa a wajen ganuwa, ga masu ɗinkin sirdi da linzami a Kurmi, ga hawan salla wanda hukumar UNESCO ta shigar cikin gadon al'adun duniya a watan Disamba na 2024. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin layin tashi ya ga yadda doki ke tsuma yana tauna linzami, kumfa tana zuba, ɗan yaron da ke kansa ya manne da wuyansa yana jiran a saki, ya san akwai ilmi a wurin, kuma masu shirya sukuwar ma suna raba dawaki aji-aji, na gida daban, na Sudan daban, wanda shi ne ainihin ƙa'idar da nake kira a kai. Amma labarin dokin da ya gagara da mahayin da ya yi suna yawanci a bakin dattawa yake da kirarin maroƙa, in dattijon ya kwanta dama sai ya tafi da shi. Garin da magabatansa suka tsare sunayen sarakunansa da shekarun mulkinsu tun daga Bagauda bai kamata ya gaza ajiye littafi ɗaya a filin sukuwa ba, wanda za a riƙa rubuta sunan doki da ajinsa da mahayinsa da nisan fage da lokacin da ya yi, da ko ƙasa a jiƙe take ko a bushe.

In an tilasta mini in faɗi nawa hukuncin a kan wanda ya fi kowa saurin zagaye ɗaya, zan ce Fangio ne shugaban ɗabaƙar farko, wanda ya ci gasar duniya biyar da motocin kamfani huɗu, Clark na ta biyu, Hamilton na tasa, Max Verstappen kuma, wanda a 2024 ya cim ma Senna wajen hawa gurbin farko sau 8 a jere, yana kan rubuta tasa. In kuwa aka ce lalle sai na fitar da ɗaya, to, Senna zan ambata, hujjata kuma 26 da 4 ɗin nan ce da ya yi wa Prost a mota iri ɗaya. Da tsere fiye da ashirin a kowace shekara, mai yiwuwa ne wani saurayi da ya dace da mota mai kyau ya wuce 104 nan gaba, kuma ranar da haka ta faru zan kare Hamilton da irin hujjojin da na kare Fangio da Clark da su yau.